Wa ke da hannu a mararraba, kuma yaya ake kauce wa kuskuren wani direban?

Mai_Koyo:

Assalamu alaikum. Masana tuƙi, tambayata rassa biyu gare ta. Na farko, a mararrabar da babu danja, babu allo, babu mai ba da hannu, motoci biyu sun iso tare, wa zai tsaya wa wani? Wasu sun ce na dama ne ke da hannu, wasu sun ce wanda ke kan babban titi, wasu kuma sun ce wanda ya riga sa kai. Haka ma a shataletale: na ciki ne ke jiran mai shigowa, ko mai shigowa ne ke jira?

Na biyu, idan hannuna ne amma ga wani ya taho a guje babu alamar zai tsaya, me ya kamata in yi? Ana ta maganar tuƙin kare kai, amma duk wanda ya tashi bayani sai ya ƙare da "a dai yi hankali". Ni abin da za a iya aunawa nake nema: mita nawa, sakan nawa, ina ake duba, yaushe ake taka birki. Allah ya saka da alheri.

Malamin_Tuƙi:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara gyara yadda ka ɗauki maganar. Dokar hanya ba ta cika cewa "wane ya wuce" ba, abin da take faɗa shi ne "wane ya dakata". Shi ya sa ake cewa ba da hannu. Sai an ba ka kake da shi, kuma sai ka ga motar ɗayan ta rage gudu da idonka za ka san an ba ka.

Akwai jerin wanda ya fi wani ƙarfi, kuma Yarjejeniyar Viyana ta 1968 kan zirga-zirgar ababen hawa, wadda ƙasashe da yawa suka gina dokokinsu a kanta, ta tsara shi. Jami'in da ke tsaye yana ba da hannu ya fi danja. In ya ce ka tsaya, ko da kore ce ke ci, tsayawa za ka yi. Danja ta fi allunan da ke nuna wa zai dakata. Allunan kuma sun fi ƙa'idar gama-gari. Wato maganar "na dama" ba ta tasowa sam sai inda duk waɗannan ukun babu su.

Alluna biyu ne ya wajaba ka gane su ko daga baya ka hango su, don haka aka ba kowanne siffar da ba ta kama da ta kowa. Mai kusurwa takwas, ja, na tsayawa ne cak: taya ta daina juyawa a bayan farin layi, ko da titin fayau yake. In daga layin ba ka ganin hanya sosai, ka tsaya tukuna, sannan ka matsa a hankali har ka gani. Mai kusurwa uku da aka kife, tsininsa na kallon ƙasa, na ba da hannu ne: ba lallai ka tsaya ba in babu kowa, amma kada shigarka ta sa na kan titin ya taka birki ko ya kauce. Wannan ne ma'aunin. In ya taka birki saboda kai, ba ka ba shi hannu ba, ko da ba ku gogu ba. A Turai za ka kuma ga wani allo rawaya mai siffar lu'ulu'u da farin baki, yana nuna kai ne ke kan titi mai fifiko.

To, inda babu ko ɗaya fa? A ƙasashen da ake bin hannun dama, wanda ya fito ta damanka shi za ka tsaya wa. Amma kafin nan akwai wasu da ke dakatawa ko ta wane gefe suka fito: mai fitowa daga gida, gidan mai, wurin ajiye motoci, ko hanyar ƙasa zuwa kwalta. Waɗannan suna jiran duk wanda ke kan titin, har da mai tafiya a ƙafa a gefensa. Faɗin titi kaɗai kuwa ba a kowace ƙasa yake ba ka fifiko ba, sai ka duba abin da dokar ƙasarka ta ce. A Amurka akwai mararrabar da aka kafa wa allon tsayawa ta duk fuska huɗu: kowa ya tsaya, wanda ya riga tsayawa shi ke fara tafiya, in an zo tare na dama ya wuce. A Ingila, mararrabar da ba ta da alama ko kaɗan babu mai fifiko a cikinta. "Wanda ya riga sa kai" kuwa ba doka ba ce, ƙarfin hali ne kawai.

Mai karya kwana ya ratsa hannun masu tahowa, wato kwanar hagu inda ake bin dama, shi ke jiran duk mai tahowa a miƙe. A nan ake yawan mummunan karo, domin ido ba ya iya auna gudun abin da ke tunkaro ka kai tsaye, musamman babur. Yayin da kake jira a tsakiya, ka bar tayoyin gaba a miƙe. In ka riga ka murɗa sitiyari aka buge ka ta baya, motar cikin masu tahowa za ta faɗa.

Shataletale kuwa, na ciki ne ke da hannu, mai shigowa ya jira. Ingila ta mayar da wannan doka a 1966, domin a tsohon tsarin da na ciki ke tsaya wa mai shigowa, da'irar cika take yi ta kulle kanta. Har yanzu akwai ragowar tsohon tsarin, kamar wanda ya kewaye Arc de Triomphe a Paris, inda mai shigowa ke da hannu. Don haka ka duba bakin shigarka: in ka ga allon nan mai kusurwa uku ko layi mai tsinke-tsinke a ƙasa, kai ne mai jira.

Abu ɗaya da mutane ke mantawa: ko da kore ce, ba a shiga mararraba in babu wurin fita a ɗaya ɓangaren. Ka shiga ka maƙale a tsakiya, danja ta juya, ka tare mutane ta fuska biyu.

Injiniyan_Hanya:

Malam ya gama da doka, ni lissafi zan kawo, tunda shi aka nema.

Raba gudunka da 3.6, sai ka sami mitocin da kake ci a kowane sakan. Kilomita 50 a awa kusan mita 14 ne a sakan, kilomita 100 kuma kusan mita 28. Daga ganin haɗari zuwa ƙafa ta danna birki, direban da bai yi tsammanin abin ba yakan ci kamar sakan ɗaya da rabi. A wannan lokacin motar ba ta rage komai ba: mita 21 a gudun 50, mita 42 a gudun 100. Bayan nan ne birki zai fara aiki. A busasshiyar kwalta da taya mai kyau, birki na buƙatar kamar mita 14 a gudun 50, amma mita 56 a gudun 100. Ka lura, gudu ya ninka sau biyu, nisan birki ya ninka sau huɗu. Jimilla kenan kamar mita 35 da kuma kusan mita 100. In kwalta ta jiƙe, wannan 56 ɗin kan iya kusantar 100 ita kaɗai.

Ga misalin da ya fi nuna abin. Motoci biyu gefe da gefe, ɗaya na gudun 50, ɗaya 60, yaro ya faɗo titi a mita 35 gabansu. Mai 50 zai tsaya daf da shi. Mai 60 ya riga ya cinye mita 25 kafin ya taɓa birki, saura masa 10, kuma zai isa wurin yana gudun sama da kilomita 40 a awa. Bambancin 10 a agogon mota, amma ba 10 ba ne a jikin yaron. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu na ƙara haɗarin da ke kisa da kashi 4 cikin 100, kuma rahotonta na 2023 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara.

Tazara tsakaninka da na gaba, da lokaci ake auna ta, domin ido ba ya iya auna mita a kan gudu. Zaɓi abu tsayayye, falwaya ko allo ko inuwar gada. Da bayan motar gaba ya wuce shi, fara ƙirga. In ka iso kafin sakan uku, ka matse shi. Ka gwada ƙirgarka da agogo tukuna, don mai gaggawa yakan ƙirga uku cikin sakan biyu. Sakan uku mita 42 ne a gudun 50, mita 83 a gudun 100. Cikin ruwan sama, hazo ko dare, ninka ta. Wayar da ka kalla na sakan biyu a gudun 100, mita 56 ka yi ido rufe, ka ga ta cinye kashi biyu cikin uku na tazarar.

Game da tambayarka ta biyu, dabarar da ta fi kowace araha ita ce ɗage ƙafa daga totur a ɗora ta saman birki, ba tare da an danna ba, duk lokacin da ake tunkarar mararraba, makaranta, ko jerin motocin da aka ajiye a gefe. Rabin sakan da ka tsira da shi mita 7 ne a gudun 50, ya fi tsawon mota guda. In kuma abin ya zo, motar da ke da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa yayin birki, a taka birki da duk ƙarfin ƙafa a riƙe. Feda zai yi ta karkarwa da ƙara, aikinsa kenan, kada a saki. Amfaninsa shi ne taya ba ta kullewa, don haka sitiyari na ci gaba da jin magana, kana birki kana kaucewa. Wadda ba ta da shi, in taya ta kulle motar miƙewa take yi duk yadda ka murɗa. Sai ka sassauta kaɗan ta sake kamawa, ka ƙara dannawa.

Wuce mota a titi mai hannu biyu shi ne lissafin da aka fi yi wa ha'inci. A ce tirela mai tsawon mita 18 na gudun 70, kai kana 90. Bambancinku mita 5 da rabi ne a sakan. Kana buƙatar cinye tazarar bayanta, tsawonta, tsawon motarka, da tazarar da za ka bari kafin ka koma hannunka, a ce mita 60 da ɗoriya. Wannan sakan 11 ne a hannun wasu. Cikinsu kai ka ci kamar mita 280, mai tahowa da irin gudunka shi ma ya ci 280. Wato sai kana ganin titi fayau fiye da rabin kilomita. A kwana, kan tudu, bakin gada ko kusa da mararraba ba ka da wannan ganin, shi ya sa ake zana layi marar tsinkewa a wuraren.

Duk lissafin nan a kan taya mai rai aka yi shi. Ƙasashe da yawa sun sa milimita 1.6 a matsayin mafi ƙarancin zurfin zanen taya, amma tun kafin ta kai nan riƙonta a ruwa ya ragu sosai. In ruwa ya shiga tsakanin taya da kwalta ka ji sitiyari ya yi sakayau, ɗage ƙafa daga totur, riƙe shi a miƙe, kada ka taka birki da ƙarfi har sai ka ji ta kama ƙasa.

Mai_Koyo:

Na gode ƙwarai, Malam da Injiniya. Saura abu biyu. Manyan motoci fa, dokar ɗaya ce da su? Sannan in wani ya ƙyafta mini fitila ko ya ɗaga mini hannu in wuce, shi kenan na sami hannu?

Direban_Tirela:

Dokar ɗaya ce, ɗan'uwa, amma nauyin ba ɗaya ba ne. Injiniya, ranka ya daɗe, lissafinka na ƙaramar mota ne, a ƙara wannan. Birkin babbar mota da iska yake aiki, kuma akwai ɗan jinkiri kafin iskar ta isa tayoyin baya, ga tan-tan na kaya suna turowa. Tazarar da direban tirela ya bari a gabansa ba kyauta ba ce ga mai son kutsawa, wurin tsayawarsa ne. Wanda ya wuce shi ya faɗa wurin sannan ya taka birki, ya cinye masa shi. Kada ka koma hannunka sai ka ga gaban tirelar gaba ɗaya, fitilu biyu da gilashi, a madubinka na tsakiya.

Wuraren da direban tirela ba ya gani huɗu ne: daf da hancin motar, bayanta kai tsaye, da gefe biyu, kuma gefen da ba na direba ba ya fi faɗi da tsawo nesa ba kusa ba. In ba ka hango fuskarsa a madubinsa, shi ma bai san kana nan ba. Ko ka wuce da sauri ta gefen direba, ko ka ja baya, amma kada ka jera da shi kuna tafiya tare.

Kwana ma tana cin mutane da yawa. Tayoyin bayan tirela ba sa bin sawun na gaba, yanke kwana suke yi ta ciki. Don haka in zai shiga dama sai ya fara buɗewa hagu. Ƙaramar mota ko babur ya ga fili ya buɗe ta dama ya kutsa, sai bodin ya rufe a kansa. Siginarsa za ka duba, kada ka duba inda kan motar ya nufa. Haka a shataletale, babbar mota layi biyu take ci, ka bar mata.

A tsaye cikin layi, ka tsaya inda kake ganin tayoyin bayan motar gaba suna taɓa ƙasa. Wannan tazarar ta isa ka murɗa ka fita in ta mutu a wurin, ba sai ka yi ribas ba. A hawa ka ƙara, domin mota mai kaya takan ɗan gangaro kafin kuloci ya kama. A siririyar hanyar dutse inda mota biyu ba sa giftawa, a ƙasashe da yawa mai gangarowa ne ke ba mai hawa hannu, saboda tashi daga tsaye a kan tudu ya fi wuya. Doguwar gangara kuma da giya ake saukarta, irin wadda za ka hau da ita. Wanda ya kwanta a kan birki tun daga sama, birkin zafi zai yi, ya fara wari, feda ya yi laushi, kafin ƙasa ya ƙare.

Hajiya_Mai_Horo:

Ɗana, amsar fitila a taƙaice: a'a. Ƙyafta fitila ba ta da ma'ana ɗaya. Wani yana nufin "wuce", wani "ga ni nan, kada ka shigo", wani kuma gaisawa yake da na bayanka. A littafin dokar hanya na Ingila ma, ma'anarta kawai sanar da mutane kana wurin. Ɗaga hannu ya ɗan fi ta, amma wanda ya ɗaga maka layinsa kaɗai ya ba ka. Titi mai layi biyu, na farko ya tsaya ya ce ka ratsa, motarsa kuma ta kare maka na biyu, inda wani ke tahowa bai san da yarjejeniyarku ba. Ka leƙa da hancin mota kaɗan-kaɗan har ka ga layin na biyu da idonka. Haka abin yake a wurin tsallakawar masu ƙafa: in ka ga mota ta tsaya a layin da ke kusa da kai ba ka san dalili ba, kada ka wuce ta. Akwai yiwuwar mutum ne ke ratsawa ta gabanta.

Sigina ma haka. Tana nuna cewa ƙwan fitilar na aiki, sauran sai ka tabbatar. Wani ya manta bai kashe ba tun kwanar baya. Jira ka ga gudunsa ya ragu, tayar gaba ta fara juyawa. Motar da ke tsaye a bakin titi, tayarta ta gaba za ka kalla, domin motsin taya ya fi saurin bayyana a ido fiye da motsin bodi.

Ina da ɗan ƙari a kan maganar Malam ta kore. Sakan biyun farko bayan danja ta ba ka hannu su ne lokacin da mai tseren rawaya ke ratsowa. Kafin ka motsa, dubi gefen da motoci suka fi kusa da kai, dubi ɗayan, ka sake duban na farko. Ka kuma motsa kanka gaba da baya, don ƙarfen da ke riƙe gilashin gaba ta gefe yana iya ɓoye babur sukutum, musamman in gudunku ya daidaita yana tafiya a bayan ƙarfen. Rawaya kuwa tsayawa take nufi, sai fa in ka riga ka matso yadda birki zai jawo a buge ka ta baya. In danja ta mutu gaba ɗaya, ka koma kan alluna. In babu su, ka ɗauki wurin kamar mai allon tsayawa, wanda a yawancin jihohin Amurka ma haka doka ta ce.

Ido kada ya tsaya a bambar motar gaba. Kai shi can inda za ka isa nan da sakan 12 zuwa 15, wato kamar mita 200 a cikin gari, ka riƙa dawo da shi madubi duk bayan sakan 5 zuwa 8, da kuma kafin kowane birki. Madubin gefe a buɗe shi har jikin motarka ya kusa ɓacewa daga ciki, kuma duk da haka a waiga kafaɗa kafin a canza layi.

Wanda ya manne maka a baya, kada ka ja masa birki don ka koya masa hankali, kada kuma ka ƙara gudu. Ƙara tazarar gabanka zuwa sakan huɗu ko biyar, yadda in abu ya faru za ka yi birki a hankali ya sami lokacin gani, sannan da ka sami wuri ka matsa ya wuce. In ka ji jiniyar motar asibiti ko ta kashe gobara, fara gano ta inda take zuwa, sa sigina, ka matsa gefe ka tsaya inda za ta iya wucewa. Ba a tsayawa a tsakiyar mararraba ko cikin shataletale. Ka fita tukuna. Bayan ta wuce ka dubi madubi kafin ka koma, sau da yawa akwai ta biyu a bayanta.

Da dare, ƙaramar fitila mita 50 ko makamancin haka take haska maka, alhali Injiniya ya nuna kana buƙatar kusan 100 kafin ka tsaya a gudun 100. In mai tahowa ya ƙi rage tasa, kada ka rama, makafi biyu za ku zama. Rage gudu, ka mayar da ido kan farin layin gefen hannunka har ya wuce.